Kwamfuta Goma Sha Ɗaya Da Suka Ƙi Tashi

Yau da laifina zan fara, 'yan uwa, domin na san halina, in na bar shi sai ƙarshe zan yi ta kewaye-kewaye har shafin ya cika ban faɗa ba. Ga wadda yau ta fara leƙo mu, sunana Zuhura, 'yar Malam Sharafuddeen mai makarantar Islamiyya ta bayan kasuwar Illela. Shekarata ashirin da uku, kuma kaf gidanmu ni ake yabo da kyan rubutu. Ku riƙe maganar rubutun nan, don ita ce ta ja min abin da ya same ni yau.

Tun ina 'yar shekara tara Baba ke zaunar da ni in kwafe masa tsofaffin littattafansa da gara ta fara ci. Dokarsa ɗaya ce: abin da ke cikin asali shi za ki sa, ba ƙari ba ragi. In kika ga layi a asali babu shi a kwafi, to an yi tsallake, sai a cike. Ya taɓa sa ni sake shafi guda cur saboda ɗigo ɗaya da na manta, ina kuka ina rubutu, shi kuwa yana shan furarsa.

Watan jiya wani tsohon ɗalibin Baba da ke aiki a Nijar ya samo wa makaranta kwamfutoci goma sha biyu, tsofaffi irin na ofis, masu nauyin tsiya. Wanda Baba ya damƙa wa amanar ɗauko su daga Ƙonni ya haɗa su shi ne Harisu, mai gyaran waya da kwamfuta a layin 'yan waya. Siriri ne, ba shi da hayaniya, kullum da ɗan sukudireba a aljihun gaba. Wata bakwai ke nan muna magana a waya ni da shi, babu wanda ya sani a gidanmu. Abin da Baba ya sani kawai shi ne kawun Harisu, Alhaji Lawwali, ya aiko cewa gobe Lahadi in an tashi kasuwa zai zo gaishe shi. Ku ma kun san irin gaisuwar da sai an aiko an nemi rana.

Baba ya sha faɗa cewa ba zai zaɓa min miji ba. Amma kullum sai ya ƙara da cewa duk wanda ya kama da ha'inci ko ƙarya, ko shi kaɗai ya rage namiji a garin nan, ba zai zauna a zaurensa ba.

To yau Asabar aka sa za a buɗe ɗakin kwamfutar.

Ban iya karyawa ba. Kunun da Inna ta zuba min har ya yi fata a kofi ina kallonsa. Kaya kuwa sau uku na canza. Na sa atamfa ruwan ganye, na ga ta yi ihu da yawa. Na sa leshin sallah, na tuna ba biki za ni ba. Daga ƙarshe na zura baƙar doguwar riga, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa, na ɗan goga kwalli, na goge rabinsa. Duk minti biyu sai na ciro waya na duba. Saƙon da na tura wa Harisu jiya har yanzu alama ɗaya ce a jikinsa, bai shiga ba. Tun Laraba ya tsallaka Ƙonni, an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, kuma in yana can layinsa sai ya ga dama yake kamawa.

Ina fitowa tsakar gida na yi kiciɓis da Gwaggo Ramatu, ƙanwar Baba, ta baje a tabarma ƙarƙashin dogon yaro tana tsinke zogale. Jiya suka iso daga Sakkwato ita da ɗanta Yaya Ma'aruf, wanda shekara biyu ke nan yana nemana ina zillewa.

"Zuhura, taho nan. Wagga kwalliya duk ta kwamfuta ta?"

"Gwaggo ai baƙi za su taho."

"Baƙo ɗai nis sani, shina waje shina goge mota tun da sahe. Shekara biyu ɗana na sintiri bisa hanyag ga, ko gaisuwa mai daɗi ba ki yi mai."

"Na gaishe shi fa, Gwaggo."

"Kin gaishe shi awa wadda ƙaya tas soke. Mi yar rasa? Aikin gwamnati, gida, mota, ga zumunci. Ko wani na anka ɓoye muna?"

Inna na bakin murhu, ba ta ɗago ba, sai dai na ga ludayin hannunta ya tsaya. Na ce Baba na kirana, na yi waje kafin fuskata ta tona ni.

Ɗakin kwamfutar tsohon ɗakin ajiyar tabarmi ne, bango ɗaya ya raba shi da zauren Baba. An yi masa shuɗin fenti, an sa fanka biyu, an jawo waya daga sola. Dattawan kwamitin iyaye su shida suka shigo, har da waɗanda suka taso daga Araba da Garu, mu mata muka tsaya daga bakin ƙofa. Yaya Ma'aruf na gefen Baba cikin farar shadda mai maiƙo, turarensa ya cika ɗakin, yana kaɗa makullin mota a yatsa kamar wani ya tambaye shi.

Baba ya yi addu'a, ya yi bisimilla, ya danna ta ɗaya. Ta yi ɗan gurnani, fuskarta ta haska, sai ga darasin haruffan Larabci ya fito tar. Dattawa suka yi kabbara. Ni kuwa ina ta murmushi a cikin hijabi, ina jin kamar ni na ƙera ta.

Ya danna ta biyu. Ta yi gurnani ita ma, fuskar ta yi fari, ta rubuto layi biyu na Turanci, ta tsaya cak.

Ya danna ta uku. Haka. Ta huɗu, haka. Yana tafiya yana dannawa, har ya kai ta goma sha biyu. Ɗaya ce kawai ta tashi, goma sha ɗaya sun ƙi.

"Zuhura," in ji Baba, bai juyo ba, "karanta mani. Mi tac ce?"

Na matso. "Baba, cewa tay yi ta kasa buɗe wurin da za ta tashi."

Yaya Ma'aruf ya yi gyaran murya. Wallahi tun kafin ya buɗe baki na san abin da zai fito.

"Kawu, ni dai ba ni son magana, kar a ce da wata manufa. Amma wanga abu mun san shi a ofis. Sai a gyara guda tsaf ta nunawa, sauran a kwashe kayan cikinsu. Awa kwandon tumatir na, manya bisa, ruɓaɓɓu ƙasa. Kuma ka lura, ranar buɗewa mai haɗin ba shi gari."

"Uwatai ta ba lahiya," in ji Baba. "Kuma ya ce mani ya gwada su duka."

"To, ai shi yac ce."

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce amana ta yi wuya a zamanin nan. Wani ya ce shi dama yaran layin 'yan waya bai taɓa yarda da su ba. Na dubi Baba. Mutum ne da in ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, sai dai ya riƙa shafa gemu a hankali, kuma ga shi yana shafawa.

"A kai baƙi zaure su sha ruwa," ya ce. "In anka yi Azahar kwamfutocin ga ba su tashi ba, Ma'aruf, kira mutuminka na Sakkwato shi zo shi buɗe cikinsu. In ha'inci na, a aika ma Alhaji Lawwali shi huta da tahiyag gobe."

Ya miƙo min makulli ya ce in rufe ɗakin. Na rufe, amma da ni a ciki.

To ga laifin da na ce zan faɗa muku.

Ranar Talata Harisu ya turo min hoton fuskar kwamfuta ta ɗaya, da wani dogon layi da ya rubuta a cikinta. Dama ya saba koya min aikinsa a waya, ni kuma ina so, ko don in ji yana bayani. Ya taɓa gaya min cewa irin waɗannan injinan ba su san faifansu na ajiya da ido ba. Suna da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta mantuwa ko an kashe wuta, a ciki akwai jerin laƙabi, kowane laƙabi da adireshinsa a gaba. In ta farka sai ta kira laƙabin faifai, ta bi adireshin, ta same shi, sannan ta tashi. Ya ma koya min yadda ake tsayar da ita kafin ta tashi a ce ta nuna jerin.

Ranar Alhamis bayan La'asar Baba ya tafi walimar sauka a Tozai. Makullin na rataye a ƙusa bayan ƙofar zaure, ƙarƙashin carbinsa. Na rantse muku kallo kawai na je yi, in ga aikin hannun Harisu in ji daɗi. Na kunna ta ɗaya, na nemi jerin, ga layin nan nasa kamar yadda yake a hoto. Na kunna ta biyu, babu shi. Ta uku, babu. Har ta ƙarshe, babu.

Layi yana cikin ta farko, babu shi a sauran. A gidan da na tashi wannan sunansa tsallake. Na ce wayyo, hankalinsa na kan mahaifiyarsa, ya yi wa ɗaya ya manta sauran, ranar Asabar zai ji kunya a gaban Baba. Na kira shi, layi bai shiga ba. Sai na ɗauko littafina na rubutu, na kwafe layin harafi bayan harafi, kowane ɗigo, kowace 'yar sanda. Na bi goma sha ɗayan nan na rubuta musu shi. Madannan ma irin na Faransa ne, haruffan ba a inda na saba suke ba, amma na bi a hankali, kowace sai da na duba ta sau biyu. Ina gama ta ƙarshe na ji motar su Baba a bakin layi, na kashe komai ban sake tayar da ko ɗaya na gani ba, na mayar da makulli ƙarƙashin carbi. Na shiga gida ina taƙama a raina, ina shirya yadda zan ce masa, ka ga matar da za ka aura, tun ba a kai ko'ina ba ta rufa maka asiri.

Kun ji rufin asirin.

Yanzu ga ni a kulle a ɗaki, fuskoki goma sha ɗaya farare suna kallona. Na kira Harisu sau tara, matar nan mai sanyin murya na ce min ba a samun sa. Na rubuta masa: "Sun ƙi tashi." Na sake: "Ma'aruf ya ce ka kwashe kayan ciki." Na sake: "Baba ya ce in ba su tashi ba kar kawu ya zo." Na tsaya, na cije leɓe, na rubuta na ƙarshe: "Harisu ni ce na taɓa su ranar Alhamis. Na shiga uku." Duk alama ɗaya.

Na zauna, na miƙe, na leƙa taga, na dawo. Na cire hijabi don zufa, na mayar don tsoron kar a ƙwanƙwasa. Na buɗe littafina na gwada layin da ke ciki da na kwamfuta ta biyu. Daidai. Da na ta ɗaya. Daidai, ko ɗigo bai ɓace ba. To in ban yi kuskure ba, me ya hana su tashi? Har na fara jin wani mugun tunani na raɗa min cewa ko dai Yaya Ma'aruf ya yi gaskiya. Na yi a'uziyya da ƙarfi.

Na koma kan hoton da ya turo ranar Talata, ina buɗa shi da yatsu ko zan ga wani abu. A ƙarƙashinsa akwai saƙon murya na minti huɗu. Nan ma sai na faɗa muku gaskiya, ku yi dariyarku. Saƙon nan na saurare shi ya fi sau talatin, amma ban taɓa wuce minti ɗaya ba. A farkonsa ne ya kira sunana a hankali ya ce ya yi kewar muryata, ni kuma da ya kai nan sai in mayar da shi baya. Sauran na ce bayanin inji ne, zai jira.

Na manna wayar a kunne, na bar shi ya wuce.

"...To batun layin da nit turo miki hoto. Ta ɗaya, ramin faifanta na farko ya ƙone, shi yas sa nim mai da faifan rami na biyu, nir rubuta mata sabon adireshi ƙarƙashin laƙabin da tas saba kira. Ita ɗai ka buƙatatai. Sauran nasu na asali lahiya lau yake, kar a taɓa. In anka rubuta musu wanga, sabo shi ka danne tsoho, sai su tahi su yi ta ƙwanƙwasa rami na biyu alhali babu kowa ciki. Kin gane ko, malamata?"

Na gane, Harisu. Na gane bayan kwana huɗu.

Ashe ta ɗayan da na ɗauka asali ita ce mai lalurar. Na ɗauki maganin mara lafiya na ɗura wa masu lafiya goma sha ɗaya, kuma da kyakkyawan rubutu.

Ban tsaya kuka ba, agogon bango ya nuna ɗaya saura. Na yi ta jan hirarmu sama, ina wuce hotunan lalle da gaisuwar Juma'a da rigimar da muka yi a kan wata mai kawo masa gyaran waya kullum, har na iso inda ya taɓa nuna min yadda ake goge laƙabin da mutum ya rubuta da hannunsa. Na zauna gaban ta biyu. Na fara ce mata ta nuna min faifan da take gani. Ta rubuto adireshinsa. Na gwada da na littafina, iri ɗaya ne sak har zuwa ƙarshe, sai lamba guda: nata sifili, nawa ɗaya. Na goge layina. Na ce ta sake farkawa. Na rufe ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Da na buɗe, haruffan Larabci ne a gabana.

Sai a lokacin hawayen suka zo. Na share da gefen hijabi na matsa gaban ta uku, ina lissafi. Saura goma, kowace minti uku, kafin a kira salla na gama. In fito in ce na sake dannawa ne kawai suka tashi. Babu wanda zai san na taɓa ɗaukar makulli, babu wanda zai tambaye ni inda na iya.

Har na ɗora yatsu a kan madannai sai na ji muryar Yaya Ma'aruf ta taga, yana waya a jikin motarsa.

"A'a, ka dai shirya. Ko sun tashi sai an buɗe cikinsu. Irin wanga aiki yau su tashi gobe su kwanta. Kawu ya riga ya gane yaron."

Na janye hannuna. In suka tashi ba a san dalili ba, dattawan nan shida za su koma Araba da Garu da labarin da suka ji da safe, kuma shi za a yi ta maimaitawa a kasuwa gobe. Baba zai karɓi Alhaji Lawwali yana shafa gemu. Harisu zai ci gaba da zama yaron da aka taɓa zargi, saboda ni ina tsoron a san ina son sa. Tsoro kam ina ji. Amma na bar goman nan yadda suke, na ɗauki littafina, na buɗe ƙofa.

A gidanmu mace ba ta leƙa zaure in da baƙi. Na tsaya daga bakin labule na yi sallama.

"Baba, don Allah ka taho ka ga wani abu. Kai da baƙinka duka."

Daga cikin gida na ji Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, yau kuma mi muka gani?"

Suka shigo. Ta biyu na haske kusa da ta ɗaya, dattawa suka fara murna, na ce su dakata. Na durƙusa na miƙa wa Baba littafin a buɗe.

"Rubutun wa na, Baba?"

Ya sa tabarau. "Naki na."

"Gwada shi da wanda ke cikin ta ɗaya."

Na fito masa da layin a fuskar kwamfutar. Baba ba ya jin Turanci, amma wajen gwada rubutu da rubutu babu kamarsa a garin nan. Ya ɗora yatsa a littafi, ya ɗora wani a gilashi, ya bi su tare har ƙarshe.

"Babu ɗigon da yaɓ ɓace."

"Shi na matsalar, Baba. Ran Alhamis da kat tahi Tozai na ɗauki makulli. Na ga layin ga cikin ta ɗaya, babu shi cikin sauran, na zaci tsallake na, sai nic cike musu. Ashe ta ɗaya ba asali ba ta, ita ta mai lalura, an rubuta mata shi don ita kaɗai. Sauran lahiyarsu lau kahin in taɓa su. Ba a cire komi cikinsu ba. Ni niɓ ɓata su."

Na juya wajen mai farar shadda.

"Yaya Ma'aruf, zaɓi wadda kaf fi zargi."

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya nuna ta tara da makullin motarsa. Na zauna gabanta, na goge layina, na tashe ta. Ta yi gurnani, ta haska, haruffa suka fito. Wani dattijo ya ce a gwada ta sha biyu, na gwada, ta tashi.

Baba ya cire tabarau ya fuskanci baƙinsa. "Gabanku niz zargi ɗan mutane, gabanku nike wanke shi. Wanda yaj ji ta sahe shi ɗauki wagga shi kai inda yak kai waccan. Laihin na gidana na."

Yaya Ma'aruf ya ce Allah shi kyauta, ya fita yana duba waya. Ana haka aka kira Azahar, dattawa suka bi shi. Na ce a raina shi ke nan, na tsallake. Sai na ga Baba bai fita ba.

"Makulli kin ɗauka ba izini, wanga ɗaya, za mu yi maganatai. Na biyu, ni ban kai ki makarantar kwamfuta ba. Wa yak koya miki?"

Na sunkuyar da kai. "Harisu."

"Bai taɓa zama da ke gidana ba. Ina yak koya miki?"

"A waya, Baba."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

Ya miƙo hannu, tafin a buɗe. Na ciro wayar na ɗora masa. Kuma kun san abin da layin nan da ya ƙi kamawa tun jiya ya yi? A tafin hannun Baba ya kama. Wayar ta yi ƙara, saƙo ya fito ɓaro-ɓaro a fuskarta. Baba ya mayar da tabarau, ya karanta a fili, a hankali, yadda yake karanta wa ɗalibai.

"Zuhurata." Ya ɗan tsaya a nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Yanzu na ga saƙonninki, ina kan iyaka. Kar ki faɗa wa Malam komai. In na iso zan ce ni na yi kuskuren. Gara ya ƙi ni da ya ga laifinki."

Ya karanta ya sake karantawa, sannan hannunsa ya tafi gemu.

"Ɗazu niw wanke shi daga ha'inci. Yanzu ga shi shina shirya mani ƙarya."

"Baba, don ni na..."

"Na gani don ke na, na iya karatu." Ya zura wayar a aljihu. "Ba za a ba shi amsa ba. Bari shi iso, in ji da bakinai. Ke kuma saura takwas, zauna ki gyara ɓarnakki. Kar in ga kanki ga taga."

Ya tafi masallaci ya bar ni. 'Yan uwa, ni na tura masa saƙon da ya sa shi wannan shirin. Na fitar da shi daga rami ɗaya da hannuna, na haƙa masa wani da ɗayan. Na gyara ta uku, na yi kuskure a ta huɗu sau biyu, ni da ba na kuskuren ɗigo. Na yi salla a kan tabarmar da ke kusurwa, ban san me na karanta ba. Na ji an dawo daga masallaci, na ji Baba ya sallami baƙi, na ji ya shiga zaure shi kaɗai. Tagar na nan taku uku daga inda nake, ta kalli bakin ƙofar gida. Sau biyu ina miƙewa ina komawa.

Ina kan ta bakwai na ji babur ya tsaya. Na san tarinsa, sai ya yi sau biyu kafin ya mutu. Na lallaɓa na manna kunne a bangon da ya raba mu da zaure.

Ya yi sallama, muryarsa a dushe. Baba ya amsa, ya tambayi jikin mahaifiyarsa, ya ce da sauƙi. Ban ji an ce ya zauna ba.

"Harisu, kwamfuta goma sha ɗaya sun ƙi tashi gaban baƙina. Wa yat taɓa su?"

Na ƙirga numfashina har goma sha biyar. Na dafe bakina da hannu biyu don kar sunansa ya kuɓuce min.

"Malam," ya ce, "tun daga kan iyaka nike shirya maka wata magana wadda ba gaskiya ba ta. Na iso ƙofarka, ta ƙi hitowa. Ba ni na ba. Amma wanda yat taɓa su, ka yi mani afuwa, ba daga bakina za ka ji ba."

Sai na ji ƙarar tabarma ana warware ta a kan siminti, sannan muryar Baba.

"Zauna."

Na sulale a jikin bangon na zauna ni ma, sabon fentin ya ɓata min hijabi. Daga cikin gida Gwaggo Ramatu ta fara ƙwala min kira, tana tambayar Inna babur ɗin wa ne a ƙofa.